Yadda Ake Sauya wa Ɓerayen Binciken Ƙwaƙwalwa Keji

Da farko, ka sanya safar hannu da takunkumi, sannan ka duba ma'aunin zafin ɗakin, domin ɓeraye suna buƙatar digiri 20 zuwa 26, abin da ke da wuyar samu a Kaduna cikin Afrilu idan an ɗauke wuta. Shimfiɗa sabon garin katako a keji mai tsabta. Kada ka ɗaga ɓera ta wutsiya. Ka bar shi ya shiga ɗan bututu ko tafin hannunka, saboda firgici yana sauya halayyarsa har ya ɓata sakamakon binciken. Ka ɗebi kaɗan daga tsohuwar sheƙarsu ka mayar musu, don warin da suka saba da shi yana rage faɗa tsakanin mazan. Daga ƙarshe ka zuba abinci da ruwa, ka rubuta kwanan wata a katin kejin.