Kurakuran da sababbin masu rajistar zanen yatsa ke maimaitawa

Tun rajistar katin zaɓen 2020 nake cikin wannan aiki a jihar Tawa, kuma bakina ya gaji da faɗa wa kowane sabon ayari magana ɗaya. Ga ta a rubuce.

Babban kuskure shi ne korar mutum don na'ura ta ƙi karanta yatsansa. Ni ma na yi. A wani ƙauye kusa da Madawa, wata tsohuwa ta zo cikin amalanke tun hantsi. Tafinta ya yi kanta saboda daka da jan guga, ga hunturu ya tsattsage fatar. Sau biyar na danna yatsanta a gilashin, ba komai. Na ce, "Inna, ki koma gida, na'ura ba ta karɓe ki ba." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, to ni ba ƴar ƙasa ba ce?" Kashegari matan unguwarsu ba su fito ba, sai da na je na durƙusa gaban maigari.

Hannun manomin albasa na Galmi ba irin na ma'aikacin ofis ba ne. Ni yanzu ba na fita sai da ɗan man kaɗe da tsumma: a shafa kaɗan, a goge, a jira, a sake. In ya ƙi, a rubuta dalili, a ɗauki hoton fuska, a yi masa rajista. Indiya da ta ba jama'arta lambar shaida ta Aadhaar mai alƙaluma 12 ba ta tsaya kan yatsu goma ba, ta haɗa da ƙwayar ido biyu. Masu tsara namu su yi tanadin haka tun a takarda.

Na biyu, suna. Haba yara! Mutum ya ce Mahamadu, kai ka buga abin da kunnenka ya ga dama, alhali takardar haihuwarsa na hannunsa? Gobe ya tafi cin rani Abijan, katinsa da fasfonsa su saɓa, wahalar a kansa. Kwafi harafi da harafi, sannan ka karanta masa da baki ya amince. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba, kada ka ƙirƙira masa, ka nuna kiyasi ne.

Kada a cusa jiha ko shekarar haihuwa cikin lambar shaidar da ake ba mutum; mutane na ƙaura, kuma kuskure in ya shiga lamba ba ya fita.

Kada ku je Abalak ko Cintabaradan lokacin da makiyaya suka tafi da bisashe. Ku tambayi ranar kasuwa.

A sa mace ta ɗauki hoton mata.

Caja batir da dare, kada ka dogara da rizo.

Wanda kuwa na sake kamawa yana kwashe bayanan mutane a wayarsa, ranar zai ajiye aiki. Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, kuma ni da kaina zan rubuta rahoton.