Yadda Ake Bin Sawun Sunan Haja Har Zuwa Garin da Ta Samo Shi

Duk wanda ya saba shiga kasuwa ya san akwai kayan da ba a kiransu da komai sai da sunan gari. A Kantin Kwari mace za ta ce a ba ta kamfala, a wurin dillalan motoci a ce wannan 'yar Kwatano ce, a layin 'yan huluna kuma a nemi Bama, kuma babu wanda zai tsaya neman ƙarin bayani. Haka abin yake a sauran harsunan duniya, inda sunayen birane irin su Mosul da Dimashƙa da Kalikut suka rikiɗe suka zama sunayen yadi. Mai son gano yadda hakan ya faru da wani suna, ko ɗalibi ne ko ɗan jarida ko ɗan kasuwar da ke neman tarihin hajarsa, yana buƙatar hanya mai tsari, domin kuskuren da aka fi tafkawa shi ne a ɗauka cewa garin da sunansa ke kan kaya shi ne garin da aka yi su. Galibi mai saye ne ke raɗa sunan, shi kuwa inda ya ga kaya ya sani, ba inda aka yi su ba.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne a nemo cikakken sunan kafin baki ya gajarta shi. Sunan gari ba ya zama sunan haja dare ɗaya. Da farko akan ambaci kayan tare da garin, kamar a ce gishirin Bilma ko hular Bama ko rawani ɗan Kura, sa'an nan idan ciniki ya yi yawa, mai saye da mai sayarwa suka fahimci juna, sai sunan kayan ya faɗi, na garin ya tsaya shi kaɗai. Wani lokaci har furucin yakan sauya, kamar yadda Bilma ta koma balma a bakin makiyaya masu sayen gishiri domin dabbobinsu. A ƙasar Hausa wannan mataki ba ya buƙatar littafi tukuna. A je wurin dattawan layin da ake sayar da kayan, a tambaye su yadda iyayen gidansu suke kiran hajar sa'ad da suke yaran shago. A Turai ma haka aka yi. Yadin da ake kira denim guntun suna ne na Faransanci da ke nufin wani saƙi na garin Nim, turaren kolon kuwa asalin sunansa ruwan Kolon, birnin Jamus inda Johann Maria Farina ya fara haɗa shi a 1709.

Bayan an sami cikakken sunan, sai a binciki yadda ake kiran garin a zamanin da cinikin ke ci, kuma a bakin mutanen da ke cinikin, domin taswirar yau takan ɓatar da mutum. Wanda ya nemi Kalikut, garin da ya ba yadin kaliko suna, zai tarar da Kozhikode a jihar Kerala ta Indiya, nan ne kuwa Vasco da Gama, matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, ya sauka a 1498. Madras ta koma Chennai a 1996, amma yadin madras bai bi ta ba. Wandon jins yana ɗauke da sunan Genoa ta Italiya kamar yadda Faransawa ke furta shi. A nan ne kuma ake gane tarkon kamannin sauti. Atamfar da mutanen kudancin Najeriya ke kira ankara, da yawa sun ɗauka daga babban birnin Turkiyya take, alhali bayanin da ya fi ƙarfi shi ne daga Accra ta Gana sunan ya zo, garin da Hausawa fatake suka daɗe suna kira Ankara, kuma a da ta can yadin ke shigowa. Yadin kansa kwaikwayon rinin tsibirin Jaba ne na Indunusiya, a Turai aka fara buga shi, musamman a garin Helmond na Holan inda kamfanin Vlisco yake tun 1846. Ita Ankara ta Turkiyya abin da ta ba suna shi ne gashin akuyar angora, a ƙarƙashin tsohon sunanta.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata mai bincike ya kashe mafi yawan lokacinsa. A ɗauki takarda a raba wurare uku: inda aka yi kayan, inda aka yi lodinsu, da inda mai saye na ƙarshe ya gamu da su. Sa'an nan a tambaya, a cikin ukun nan wanne ne garin da ke ɗauke da sunan? Hanya mafi sauƙi ta amsa wannan ita ce a duba ko garin yana da abin da aikin ke buƙata, wato ɗanyen kaya da ruwa da masu sana'ar da unguwannin da aka san su da ita. Moka, wadda sunanta ya bi gahawa duniya, tashar jiragen ruwa ce a busasshiyar gaɓar Bahar Maliya a Yaman. Gahawar a kan tsaunukan cikin ƙasar ake nomanta, a da ana sauko da ita a kan raƙuma zuwa bakin ruwa. Malfar da ake kira Fanama a Ekwado ake saƙa ta, a garuruwa irin su Montecristi da Cuenca, a da ta Fanama kawai take bi zuwa kasuwannin duniya. Motar Kwatano ma babu wanda ya taɓa ƙera ta a Kwatano. Tsohuwar motar Turai ce da aka sauke a tashar jiragen ruwan garin, shi ya sa wani ke kiran irinta Beljiyam, yana duban inda aka yi lodinta.

Misalin da ya fi shafarmu a wannan babi shi ne na fatar da Turawa suka sani da fatar Maroko, wadda suke bangon littattafai masu tsada da ita. Gaskiya ne akwai majema a Fas da Marrakesh tun da daɗewa, bai kamata a tauye musu haƙƙinsu ba. Amma wani kaso mai daraja na fatar da ta isa Turai da wannan suna fatar jar akuya ce ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi, wadda majeman Kano da maƙwabtanta suka jeme da bagaruwa, suka rina ta ja da karan dafi, ayari ya ɗauke ta ya bi ta Damagaram da Agadas da Gat da Gadamas zuwa gaɓar arewacin Afirka. Baturen da ya saye ta a bakin teku bai ga Kano ba, don haka ya kira ta da sunan ƙasar da ya sani. Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe wanda ya zauna a Kano a 1851, ya rubuta labarin yadda ake fitar da jemammiyar fata da takalma da tufafin birnin zuwa arewa, irin wannan shaida ce kuwa ke ba mai bincike damar bin hanyar da baya da baya, zango bayan zango, har ya isa inda aikin hannu ya faro. A ganina wannan shi ne babban amfanin binciken gaba ɗaya, domin majemin da ya yi kwanaki hannunsa cikin ruwan toka da na bagaruwa, yana kankare gashi da wuƙa, ya cancanci a ambace shi a tarihin fatarsa.

Akwai kuma sunayen da gwajin ke tabbatar da gaskiyarsu, ya kyautu mai bincike ya san kamanninsu. Ɗan Kura, baƙin rawanin nan mai sheƙi da Abzinawa ke naɗawa, da gaske aikin Kura ne, garin da ke kudu da birnin Kano. Wanda ya bi sawunsa zai tarar da karofi da marina, zai ji labarin yadda ake ɗinke siraran ƙyallaye a tsoma su cikin baba sau da yawa, sa'an nan a kai wa masu bugu, su shimfiɗa yadin a kan gungumen itace, su barbaɗa shuni, su yi ta dukansa da mabugi har ya ɗauki ƙyallin da ke barin shuɗi a goshin mai naɗa shi. Idan gari ya ba haja suna ta wannan hanya, sana'ar takan bar alama a jikinsa: sunayen unguwanni, gidajen da suka gāji aikin, tsofaffin ramukan rini ko da an daina amfani da su. Idan aka zagaya gari ba a ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai dai tasha da rumbunan ajiya da dillalai, to mashiga ce ko kasuwa.

Daga nan sai a nemi lokacin da sunan ya fara bayyana a rubuce. Ga Hausa, ƙamusoshi su ne ma'auni mafi kusa: na Bargery da aka buga a 1934, na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Idan kalma tana cikin na farko, an san ta girmi 1934. Idan babu ita sai a na ƙarshe, akwai alamar sabuwa ce, ko da yake rashin kalma a ƙamus ba hujja ce yankakkiya ba, tunda babu ƙamus da ya tattara harshe kaf. Bayan ƙamus akwai takardun kwastan da rahotannin ciniki na zamanin mulkin mallaka a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da abin da ke Arewa House, da tsofaffin tallace-tallace a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Amfanin kwanan wata shi ne yakan kashe bayanin ƙarya ko ya ƙarfafa na gaskiya. Kamfala a Najeriya ake rina ta, Abeokuta ce ma cibiyarta, ba a Yuganda ba. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne yadin ya yi tashe a daidai lokacin da aka yi zaman sulhun yaƙin basasar Najeriya a Kampala, babban birnin Yuganda, cikin watan Mayun 1968, sunan garin na bakin kowa, sai ya manne wa yadin. Mai son gwada wannan bayani sai ya duba ko akwai sunan a wata takarda kafin shekarar, domin idan akwai, bayanin ya rushe.

Kada kuma a ɗauka cewa abin da ake kira da sunan a yau shi ne abin da aka fara kira da shi. Suna yakan zauna, kayan da ke ƙarƙashinsa su sauya. Yadin Mosul, asalin sunan muslin, da matafiyin nan na Italiya Marco Polo ya ambata a ƙarni na 13 na siliki da zaren zinariya ne, amma daga baya sunan ya koma kan lallausan farin yadin auduga, wanda mafi kyawunsa a yankin Dhaka na ƙasar Bengal ake saƙa shi. Kaliko ya yi farin jini a Ingila har masu saƙar ulu suka matsa wa majalisa ta yi dokokin taƙaita shi a 1700 da 1721, daga baya masaƙun yankin Manchester suka koyi yinsa da inji, suka riƙa sayar wa Indiya kanta. Manchester ɗin ma ta shiga sahu, domin a Ostireliya sunanta ake kiran zannuwan gado da tawul da shi a kantuna. Alamar da ke nuna sunan gari ya gama zama kalma ita ce a iya haɗa shi da sunan wani garin ba tare da kowa ya ji saɓani ba. Bayan da 'yan Boko Haram suka kama Bama a watan Satumban 2014, mutanen garin da yawa sun ci gaba da ɗinkin hularsu a sansanonin gudun hijira a Maiduguri, hular kuwa Bama ake kiranta, domin sunan ya riga ya koma na salon ɗinki.

Abu na ƙarshe da ya rage a duba shi ne ko doka ta ɗaure sunan da wurinsa, domin a yau wasu sunaye suna da rajista, ba kowa ke da ikon ɗora su a kan hajarsa ba. Indiya ta yi wa shayin Darjeeling irin wannan rajista a 2004. A Afirka, hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, mai hedikwata a Yawunde, ta fara da masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru da gahawar Ziama-Macenta ta Gini a 2013, Nijar kuma ta bi wannan hanya da kilishinta da albasar Galmi, garin da ke jihar Tawa. Sunan Galmi yana buƙatar kulawa ta musamman wajen rubutu, saboda ya zama sunan iri da manoma ke shukawa a ƙasashe da dama na yammacin Afirka, ga shi kuma har yanzu sunan wurin noma ne. Don haka idan mai bincike ya zo rubuta sakamakonsa, ya fayyace a kan kowane suna abin da yake nufi da shi, ko wurin da aka yi kayan, ko tashar da suka bi, ko salon aiki, ko iri, ya kuma ɗora shekarar da ya fara ganin sunan a rubuce tare da takardar da ya gan shi a ciki.