Yadda Ake Horar da Malamai Su Koyar ta Waya da Kuma Cikin Aji a Legas

Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, malamai da yawa suka tsinci kansu suna koyarwa ta waya ba shiri. Annoba ta wuce, amma a Legas buƙatar tana nan. Ɗalibin da ke taya mahaifinsa ciniki a kasuwar Mile 12, ko matar aure a Agege da ke son ƙara ilimi, ba kullum za su iya keta goslo su zo aji ba. Maganin shi ne a raba karatun gida biyu, wani a aji, wani a waya, kuma malami ba ya iya wannan sai an koya masa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne a tara malamai a zaure yini guda, a kunna majigi, wani ya yi ta bayani daga kwamfutarsa, a raba takardar shaida, a watse. Ranar Litinin kowa ya koma kan allo da alli. Maimakon haka, a horar da malami a kan wayar da ke aljihunsa, da datar da zai iya saya, a kan darasin da zai koyar a wannan zangon.

Kafin a sa rana, a tambayi kowane malami da ɗalibansa abu huɗu: wace irin waya ce, wane layi ne ke da sabis a unguwarsu, awa nawa suke samun wuta, sannan wayar ta wa ce. Ta ƙarshen nan ta fi nauyi. A gidaje da yawa a Idi-Araba ko Zangon Agege, wayar uba ce, da ita yake fita da asuba, ba ta dawowa sai bayan isha'i. Malamin da ya sa darasin kai-tsaye ƙarfe huɗu na yamma zai yi ta magana shi kaɗai.

Horon mako huɗu ya wadatar, malamai 12 zuwa 15 ga mai horarwa ɗaya. A haɗu ido da ido sau ɗaya a mako na awa uku, ranar Asabar ga malaman boko, Alhamis ga malaman Islamiyyar da ke hutu ranar. Sauran a yi shi ta guruf na WhatsApp.

A makon farko malamai su zama ɗalibai. A tura musu darasi ta waya, a ba su jinga da wa'adi, a duba, a mayar musu da gyara. Wanda ya ga bidiyo ya cinye masa data a zama ɗaya, ko ya lalubi jingarsa a cikin saƙonni ɗari ya rasa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mako na biyu shi ne ƙashin bayan horon, kuma ba a taɓa waya a cikinsa. Kowane malami ya kawo darasin mako guda, ya ja layi a tsakiyar takarda. A gefe ɗaya ya rubuta abin da ɗalibi zai iya shi kaɗai: sauraron bayani, haddar ƙa'ida, karanta shafi, bitar ƙira'a. A ɗaya gefen, abin da sai da malami: warware lissafi mai wuya, gyaran makhraji, gwajin kimiyya, muhawara. Na farko ya tafi waya, na biyu ya zauna a aji. Sai a ɗaure su da igiya: kowane darasin waya ya ƙare da tambaya uku zuwa biyar, kuma da amsoshinsu za a buɗe aji na gaba. Idan babu igiyar nan, ɗalibai za su gane cewa malam zai maimaita komai a aji, su daina buɗe saƙo. Mai horarwa ya tsaya a kan wannan sosai, domin tausayi kan sa malami ya maimaita, maimaicin kuwa shi ke kashe tsarin.

A mako na uku ake koyon ɗauka. A fara da murya. Saƙon murya na minti biyar a WhatsApp bai cika kai megabait 1 ba, alhali awa ɗaya ta bidiyon kai-tsaye tana iya cin rabin gigabait ko fiye. Hoton shafi mai tsabta da murya a ƙarƙashinsa ya isa yawancin darussa. Bidiyo sai inda ake son a ga hannu yana aiki. A ɗora waya a kan tarin littattafai, bakinta ya ɗan leƙo, kyamara tana kallon farar takarda a kan tebur, a rubuta da baƙar maka da manyan haruffa. Haske ya fito daga taga ta gaba ko ta gefe. Idan taga tana baya, fuska da takarda duk duhu za su yi. A goge idon kyamara da gefen riga, a saita ingancin bidiyon a 720p, a sa waya a yanayin jirgi don kada kira ya katse ɗaukar. Kada ya wuce minti shida. Darasi mai tsawo a yanka shi biyu.

Ɗalibi yana jure hoto mai dishi-dishi, amma ba ya jure muryar da janareta da odar danfo suka danne. Ƙaramin makirufo mai maƙalawa a wuyan riga, irin wanda ake samu a Computer Village da ke Ikeja, yana rage wannan. A maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. Bayan sallar asuba unguwa ta fi shiru. Kowane malami ya ɗauki darasi ɗaya, a kunna shi a gaban sauran a kan waya mafi ƙanƙanta a ɗakin. Abin da bai karantu a nan ba, a sake shi.

A wannan makon a sa wa kowa madannin Hausa a Gboard, manhajar rubutu ta waya, don baƙi ya bambanta da baki, ƙafa da kafa. Malaman Islamiyya su ƙara na Larabci.

Darasin kai-tsaye sau ɗaya a mako ya isa. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet a minti 60, don haka a tsara minti 30. A kashe makirufon kowa, malami ya riƙa kiran suna yana tambaya duk bayan minti biyar, domin shiru a waya ba ya nufin an gane. A yi yarjejeniya tun farko: idan sabis ya ɗauke, kowa ya koma guruf, malam zai tura murya cikin minti goma. Mai horarwa ya katse layin da gangan a lokacin gwaji, a ga yadda malami zai yi.

Guruf biyu ake buɗewa kowane aji. Ɗaya na darasi, malami kaɗai ke rubutu. Ɗaya na tambaya, da lokacin amsa sananne, misali ƙarfe takwas zuwa tara na dare. In ba haka ba malami zai kwana yana amsa saƙo, mako biyu ya gaji ya bari. Idan ɗalibai sun manyanta, Google Classroom ya fi riƙe jinga a tsare, Google Forms kuma yana duba tambayoyin zaɓi da kansa. Don rage kwafe, ɗalibi ya turo murya ta minti ɗaya yana bayanin yadda ya sami amsarsa. Jarrabawar ƙarshen zango a yi ta a aji.

Batun amana ba a sassauta shi. Malami ba ya tura wa yaro ko yarinya saƙo a keɓe. Komai a guruf, da iyaye ko shugaban makaranta a ciki. Ba a yaɗa hoton ɗalibi ko lambarsa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shar'anta amincewar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, don haka a karɓi izininsu a rubuce. Kuɗin data da fawabank kuma makaranta ce za ta ɗauka.

A mako na huɗu kowane malami ya koyar da ɗalibansa na gaske mako guda, abokin aikinsa yana cikin guruf yana lura: mutum nawa suka buɗe darasin, nawa suka amsa, awa nawa gyara ya ɗauka, kuma ko an buɗe aji da amsoshin. Idan waɗanda suka amsa ba su kai rabi ba, a fara duba lokacin turawa da nauyin fayil kafin a ce yara sun yi lalaci. Ɗalibin da aka ji shi shiru darasi biyu a jere, a kira mahaifinsa ko mahaifiyarsa a ranar, a tambaya ko wayar tana gida.