Yadda ake mayar da labarin kaka ya zama kamishibai

Kamishibai labari ne na Japanawa da ake bayarwa da katunan zane, ɗaya bayan ɗaya, a cikin ƙaramin akwatin katako da suke kira butai. Wajen 1930 ya bazu a unguwannin Tokyo: mai labari ya zo a kan keke, ya buga 'yan katako biyu, yara su taru, ya sayar musu da alewa, sannan ya buɗe akwati. Zuwan talabijin a 1953 ya karya sana'ar, amma har yau ana yinsa a makarantun yara da ɗakunan karatu, kuma mutane na zana nasu da hannu don ajiye abin da tsofaffinsu suka gani, musamman a lokacin yaƙi.

Fara da zaɓen labari, kuma guda ɗaya tak. Duk sabon shiga so yake ya cusa rayuwar kaka tun daga haihuwa har tsufa, sai yara su fara hamma tun a kati na uku. Allen Say, marubuci kuma mai zane da aka haifa a Yokohama a 1937, ya ci lambar Caldecott ta littattafan yara masu zane a Amurka a 1994 da littafin da ya yi a kan kakansa, Grandfather's Journey. Rayuwa ce sukutum a ciki, amma zare ɗaya ya riƙe: mutumin da in yana Amurka yake kewar Japan, in ya koma Japan yake kewar Amurka. Kai ma nemo naka zaren. In ka zauna da tsohuwa kada ka ce ta ba ka tarihi. Tambaye ta abin da ta sa a ƙafa ranar, abin da aka dafa, wanda ya rako ta tasha. Abin da za ka zana ke nan.

In labarin a Japan ya faru, ka kula da ƙananan abubuwa. Ɓangaren hagu na kimono, rigar gargajiyar Japanawa, shi ke hawa kan na dama, mai kallo ya ga wuyan kamar harafin y. Akasin haka gawa ake yi wa. Kada ka soka tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, wannan ma na mamaci ne. Kuma ba a taka tabarmar tatami da takalmi.

Katunan da ake bugawa a Japan yawanci 8 ne, ko 12, ko 16. Kai dai tsaya a 8. Girmansu kusan santimita 38 a faɗi, 26 a tsawo. Ba sai ka sayi kwali mai tsada ba, yanka katon ka manna farar takarda. Zane ya zama manya, layi mai kauri, don na bayan aji ya hango. Ni ban yarda da fensirin kala a nan ba, daga nesa ɓacewa yake.

Ga inda kusan kowa ke faɗuwa: rubutun baya. Mutum ya gama zane mai kyau, ya juya kati na 1 ya rubuta maganar kati na 1, haka har ƙarshe. Ranar nuni ya tsaya gaban yara ya tarar abin da yake karantawa daban, abin da suke kallo daban. Dalilin shi ne, lokacin da yara ke kallon kati na 1, kai bayan kati na ƙarshe ne a gabanka. Saboda haka maganar kati na 1 a bayan na 8 ake rubuta ta. Da ka zare na 1 ka mayar da shi baya, yara na kallon na 2, kai kuma bayan na 1 kake gani, don haka maganar na 2 can za ta zauna. Ta 3 a bayan na 2, ta 4 a bayan na 3, har ta 8 ta sauka a bayan na 7. Kada ka rubuta kai tsaye a jikin kwalin. Rubuta a takardu daban, ka liƙa da ɗan salatif, ka gwada daga farko zuwa ƙarshe, sai ya zauna daidai sannan ka sa gam. Ka kuma sa lamba gaba da baya, domin wata rana katunan za su zube ƙasa.

Abu na biyu da ke tafiya da wannan shi ne hanyar zarewa. Katin yana fita ne ta hagun masu kallo, ke nan gefen dama na sabon zane ne ke fara bayyana. Mai tafiya a cikin zanen ya fuskanci hagu, in ba haka ba zai zama kamar da baya yake tafiya yayin da kake ja. Abin mamaki kuma, kamar fuskar wanda ya dawo daga tafiya, ajiye shi a hagu, ka ja rabi, ka tsaya, ka bar yaran su ƙagu. A ƙasan kowane rubutu ka sa wa kanka alama: ja a hankali, tsaya a rabi, fizge.

Akwati kuwa kafinta zai haɗa maka in ka nuna masa hoto, ka dai tabbatar ya bar baya a buɗe da kuma kafar zarewa a gefe. Tsaya a gefen akwatin, kada ka ɓuya a bayansa, ka riƙa kallon idon yaran. Kafin ka kai shi aji, ka fara nuna wa mai labarin, ta gyara maka abin da ka zana ba daidai ba.