Sababbin zuwa Shikago, ku san waɗanda kuke haya a gidajensu

Salamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na raka wani yaro da ya zo daga Kumasi duba ɗaki a unguwar Portage Park wurin wani dattijo mai gida, a gabana ya maimaita kuskuren da ni na yi shekarata ta farko a garin nan, ɗakin kuwa bai samu ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, don na gaji da faɗa wa mutum ɗaya ɗaya.

Layin waya, katin Ventra na shiga jirgi da bas, lambar soshiyal (lambar shaida ta gwamnati da ake aiki da ita), naman halal a titin Devon, wannan duk cikin sati biyu za ka gane, kowa ka tambaya zai nuna maka. Gida shi ne wahala. Ba ka da kiredit, wato tarihin biyan bashi, ba ka da takardar albashi, manyan kamfanonin gidaje ko kallonka ba za su yi ba. Wanda zai iya duban fuskarka ya ba ka makulli sai tsoho ko tsohuwa mai gidan bulo hawa biyu, tana ƙasa kana sama, kuma a Avondale, Jefferson Park, Belmont Cragin da Portage Park da yawansu 'yan Poland ne, in ka gangara Ukrainian Village kuma 'yan Yukren. Ku sani dokar birni da ke kare 'yan haya mafi yawanta ba ta hau gidan da mai shi ke zaune a ciki in sassan ba su wuce 6 ba. To ka ga a irin wannan gida zaman mutunci ne zai riƙe ka.

Ni tsohuwar da ta fara ba ni ɗaki ba ta nemi kiredit ba, hannuna ta kalla ta ce wane aiki nake yi, na ce tasi, ta ce mijinta ma da hannunsa ya ci abinci har ya mutu. Wata ɗaya da tarewa na ji tana waya da yarensu, ni a son in ja ta da hira na ce ashe Mama 'yar Rasha ce. Wallahi yadda fuskarta ta canza har yau ina gani. Ta shige ta rufe ƙofa, wata biyu in na gaishe ta ba ta amsawa, ni kuma kullum cikin fargaba ko za a ce in tashi, ga sanyi ya shigo ga babu inda zan je, har na fara raya wa kaina ai wariyar fata ce. Sai da ɗanta ya zo gyaran hita ya zaunar da ni a matakala. Ya ce a 1940 sojojin Sobiyat suka loda danginsu a taragon jirgin ƙasa zuwa Saiberiya, ita tana 'yar shekara huɗu, ƙaninta can aka binne shi. Ya ce ƙasarsu Poland ma shekara 123 ba ta a taswira, daga 1795 zuwa 1918, Rasha da Purushiya da Ostiriya sun raba ta. Ni kuma na zo na kira ta da sunan waɗanda suka yi musu haka. Ɗan Yukren kuwa tun yaƙin 2022 kar ma ka fara. Kai da ranka ke ɓaci in an tambaye ka ko Afirka ƙasa ɗaya ce, me zai sa ka ce ai duk Turawa ne?

Na je na ba ta haƙuri, ɗanta ya koya mini in ce mata Pani, haka suke girmama mace, da safe kuma "jin dobri". Duk ranar da dusar ƙanƙara ta zuba kafin in fita aiki sai na ɗauki shebur na share mata gaban gida. Daren 24 ga Disamba ta aiko in sauko. Ba sa cin nama a wannan daren, kifi ne da wata jar miya, sai na ga faranti ɗaya babu kowa a gabansa, ta ce al'adarsu ce a ajiye wa baƙon da zai iya ƙwanƙwasa ƙofa. Shekara shida na yi a gidan.

Abin da nake so ku gane, mutanen nan 'yan ci-rani ne irinmu, sun dai riga mu zuwa. Kakanninsu su suka yi aikin mayanka da masana'antun ƙarfe na kudancin gari, aikin da ke cinye yatsu da huhu, suna tara kwabo kwabo a ƙungiyoyin bashin gina gida na unguwa, abin da ba shi da maraba da adashinmu, da haka suka mallaki gidajen da muke haya yau. Titin Pulaski da kuke bi kullum sunan janar ɗan Poland ne da ya mutu a yaƙin 'yancin Amurka a 1779, Litinin ta farko a watan Maris ranarsa ce a jihar Illinois. Titin Cermak sunan magajin gari ne haifaffen ƙasar Czech da aka zaɓa a 1931. Kuma kar ku ɗauka duk Kiristoci ne, Musulmin Bosniya tun 1906 suka kafa ƙungiyar taimakon juna a garin nan mai suna Dzemijetul Hajrije, suna jinyar marasa lafiya suna yi wa mamatansu sutura, masallacinsu na Northbrook yana nan ana salla. Mu ma alhamdulillahi ba a bar mu a baya ba, duk wanda ya rasu a cikinmu kafin dare an haɗa kuɗin jana'iza, ina alfahari da wannan, amma su sun fi mu ajiye tarihi. Ku je gidan tarihin 'yan Poland da ke titin Milwaukee ku gani, tun 1935 aka kafa shi, ko ku fita kallon faretinsu na farkon watan Mayu.

Sauran kuma a taƙaice. Ko tsohuwa ta so ka kamar ɗanta ku rubuta yarjejeniya, ka biya haya ta hanyar da za ka samu rasit, kuɗi a hannu ba shaida. Ka ce kai kaɗai ne to kai kaɗai, kar bayan wata guda a ga takalma shida a bakin ƙofa, wannan ɗabi'ar ta rufe wa mutanenmu ƙofofi da yawa kuma tana ba ni haushi ƙwarai. In za ka yi miyar daddawa ka buɗe taga. In an kawo maka abinci ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya sannan ka tambaya, don tsiran naman nan nasu galibi alade ne, wasu ma da kitsensa suke suya, in ka faɗa cikin ladabi suna ganewa. Kujerar da ka gani a gefen titi lokacin dusar ƙanƙara wani ne ya share wurin ya kama, kar ka ɗage ta ka ajiye motarka.

Yaron Kumasin nan na ce masa ya shirya ranar Asabar, za mu koma wurin dattijon tare, ya fara da ba da haƙuri kafin a yi maganar ɗaki. In akwai wanda ya san wani ɗakin da babu kowa a wajen Belmont ya sanar da ni, ko da dattijon bai sauko ba.