Kurakuran da aka fi yi wajen rarraba curukan ƙanƙara na bayan Naftun

Har yau za ka ji ana cewa an fitar da Fuluto daga sahun duniyoyi saboda ƙanƙantarta. Ba haka ba ne. A taronta na birnin Prague a 2006, Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya ta gindaya sharuɗɗa uku na zama duniya: abu ya zagaya rana, nauyinsa ya isa ya dunƙule shi, kuma ya mamaye hanyarsa ta yadda babu mai gogayya da shi. Fuluto ta cika biyun farko, na uku ne ya kayar da ita, domin cikin dubban 'yan uwanta take yawo a Zoben Kuiper, yankin curukan ƙanƙara da ke bayan Naftun. Gano Eris, wata 'yar bayan Naftun, a 2005 ne ya tilasta hukuncin, don ta fi Fuluto nauyi da kusan kashi 27 cikin ɗari. Idan za ka koyar, ka kira ta wadar duniya, wato wadda ta cika sharuɗɗa biyun farko kawai, ka kuma faɗi sharaɗin da ta rasa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne kiran kowane curin ƙanƙara tauraro mai wutsiya. Wutsiya ba ta fitowa sai zafin rana ya sa ƙanƙarar ta fara tashi tana kwasar ƙura. Arrokoth, wani curi a Zoben Kuiper da kumbon New Horizons ya gifta ta kusa da shi ranar 1 ga Janairun 2019, ƙanƙara ce da dutse, amma yana zaune can nesa cikin sanyi, babu wutsiya. Gyaran a nan shi ne a fara duban hanyar abu kafin kamanninsa. Mai zagaya rana sau biyu yayin da Naftun ta yi uku, kamar Fuluto, sunansa fulutino. Mai ratsa tsakanin Mushtari da Naftun kuwa santor ne. Chiron, da aka gano a 1977, santor ne da daga baya aka ga hazo ya lulluɓe shi, shi ya sa yake cikin rajistar duwatsun sama da ta taurari masu wutsiya a lokaci guda.

Kada kuma a haɗa Zoben Kuiper da Gajimaren Oort, wani tarin curukan ƙanƙara da ake ganin ya kewaye rana can nesa. Na farko yana tsakanin ninki 30 zuwa 50 na nisanmu da rana, na biyu sai an yi ninki dubbai. Ceres ma wadar duniya ce, amma ba 'yar can ba ce: tsakanin Mirrihi da Mushtari take.