Kurakuran da ke kashe moni plant a ɗaki

Wallahi na gaji. A satin nan kaɗai mutum uku suka turo min hoton moni plant ɗinsu, shukar adon nan mai yaɗo da ake ajiyewa a ɗaki, ganye ya koma ruwan ɗorawa ya yi laƙwas, kuma duk tambayarsu ɗaya ce, wai Anti wane taki zan sa. Ba taki ba ne matsalarki ƙanwata, ruwa kika cika mata.

Ni ma haka na kashe tawa ta farko, irin da ake kira Marble Queen ce, mai farin zane kamar an watsa mata nono, shekara biyu ina rainonta har ta hau ƙarfen labule ta zagayo ta sauko. Kullum bayan asuba sai na ɗauki kofi na zuba mata ruwa, ina ganin kulawa nake yi, ga tukunyar roba ce mara huda ko ɗaya a gindi. Da ganye ya fara faɗuwa sai na ƙara ruwa, don a tunanina ƙishi take ji! Ranar da na zazzage tukunyar wari ya buge ni kamar kwata, saiwar duk ta yi baƙi ta narke a hannuna kamar taliyar da ta dahu ta wuce. Saiwa tana buƙatar iska, in ta kwana cikin laka kullum ruɓewa take, in ta ruɓe kuma ba ta iya jan ruwa, shi ya sa ganyen ke yaushi ki zaci bushewa ce.

Yanzu ba na bin ranaku. Yatsa nake cusawa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu, in ya fito da danshi na bar ta. Da damina sai ta yi kwana 10 ban taɓa ta ba, da bazara lokacin zafin Afrilu kwana 4 ko 5. Tukunya dole huda, ƙusa nake sawa a wuta na ɓula. Ƙasa kuma ina haɗawa da yashi da dakakken gawayi, wasu ba sa son gawayin, ni dai ya yi min.

Sai masu ajiye ta a lungun falo bayan talabijin don an ce musu tana rayuwa a duhu. E ba za ta mutu ba, amma zanen da kika biya kuɗi dominsa zai tafi. Farin wajen ganyen ba ya haɗa wa shukar abinci, koren ne ke yi, to in haske ya yi ƙaranci sai ta riƙa fitar da ganye kore zalla, ƙanana, igiyar ta yi tsawo tsirara. Matsar da ita kusa da taga, ki datse reshen da ya koma kore gaba ɗaya. Amma dan Allah kar ki kai ta tsakar gida rana ta dake ta, farin ne ke fara ƙonewa. Tagar gabas mai siririn labule ta ishe ta.

In za ki yanka don dasawa ki tabbatar akwai gaɓa, wajen ɗan kumburin da saiwa ke fitowa, ganye kaɗai a kwalba ba zai yi komai ba. Da hunturu ki goge ƙura da tsumma mai laima, ban da shafa mai don ƙyalli. Kar iskar AC ta riƙa bugun ta kai tsaye. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga, ɗan sifirit a auduga ki goge shi.

Kuma ki rataye ta sama in akwai yaro mai rarrafe ko kyanwa a gidan, ganyen na ƙona baki ya kumbura shi in an tauna. Tawa ta yanzu a kan kabad take tun da yaronmu Abba ya fara tafiya.